Kwalar wuya ta soso a shagunan Kumasi: wanda take taimaka wa da wanda take ɓata wa lokaci

Duk wanda ya leƙa shagunan magani na Adum, ko waɗanda ke Bantama kusa da Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari suka fi sani da Ji, ya taɓa ganinta: zoben soso mai kauri a cikin leda, an sa masa rigar yadi mai talewa, da maɗauri mai mannewa a bakinsa. Kwalar wuya ke nan. Mutum ya wayi gari a Aboabo ko Asawase kansa ya langaɓe gefe guda, waiwaye ya gagara, kafin hantsi an aiki yaro ya sayo ta. Masu sayenta sun fi masu sanin aikinta yawa, shi ya sa muka ga ya dace a auna ta da kyau.

Ra'ayinmu a kanta shi ne: kaya ce mai sauƙin kuɗi da ke ɗan rage wahala na kwana 2 zuwa 3 a nau'i ɗaya na karkacewar wuya, wato wanda mutum ke tashi da shi daga barci. A sauran nau'o'in, ko dai ba ta yin komai, ko ta sa a zauna gida ana jiran sauƙi alhali ciwon na bukatar asibiti a ranar. Karkacewar wuya ba cuta guda ba ce. Alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma mai shago ba shi da yadda zai gane dalilinta daga bayan kanta.

A fara sanin abin da ke jan kan. Ka juya fuskarka hagu sosai, ka sa yatsa a gefen dama na wuyanka, za ka ji wata tsoka kamar igiya ta taso daga bayan kunne ta gangaro zuwa saman ƙashin ƙirji da ƙashin da ya gitta zuwa kafaɗa. Kowane gefe akwai irinta. Idan ta dama ta ɗaure, kunnen dama zai sauko wajen kafaɗar dama, haɓa kuma ta juya hagu ta ɗan ɗaga. Tsokokin ƙeya da na saman kafaɗa su ma sukan ja kai baya ko gefe. Abin da likita ke nema kullum shi ne dalilin ɗaurin: tsokar ce ta gajarce, ko ƙwaƙwalwa ce ke aiko mata da umarnin da mai jikin bai nema ba, ko kuwa jiki ne ke kāre wani ciwo da ke can ciki.

Ita kwalar tana zuwa ƙarama da matsakaiciya da babba, faɗinta galibi tsakanin santimita 7 da 10. Awo biyu ake bukata, kuma ba kasafai ake yin su a shago ba. Na farko, a zagaya tef ɗin tela a ga kaurin wuyan. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, mutum ya dubi gabansa sak, a auna daga ƙarƙashin haɓa zuwa ɗan ramin da ke saman ƙashin ƙirji. Faɗin da ya dace da shi ke nan. Idan kwalar ta fi haka faɗi, za ta tura haɓa sama, ƙeya ta lanƙwashe, ciwon ya ƙaru. Idan ba ta kai ba, haɓa ta faɗa ciki, ba ta tallafi komai ba. Wurin da aka ɗan rarake shi ne mazaunin haɓa, maɗaurin kuma ya koma baya. Bayan an ɗaura, yatsa biyu su iya shiga tsakaninta da fata. Idan haɗiyar yawu ta yi wuya ko fuska ta fara cika, an matse da yawa.

Abin da ledar ba ta faɗa shi ne, kwalar soso ba ta tsayar da wuya. Awon da aka yi ya nuna kusan kashi 1 cikin 4 kawai take ragewa na sunkuyawa da ɗaga kai, a waiwaye da karkatawa gefe kuwa bai ma kai haka ba. Aikinta na gaskiya biyu ne: tana ɗumama tsoka, tana kuma tuna wa mutum kada ya yi waiwayen gaggawa. Wannan ba abin rainawa ba ne ga wanda zai shiga torotoro, wato motar haya, a hanya mai gargada, amma bai isa a kira ta magani ba. Akwai kuma mai tauri, ɓari biyu gaba da baya da rami a daidai maƙogwaro, irin wadda ake kira Philadelphia. Ita kam tana riƙe wuya, amma ta masu karaya ce da waɗanda aka yi wa tiyata, kuma likita ne ke rubuta ta. Sayenta don wuyan da ya riƙe daga barci asarar kuɗi ce, ga gogar fata a haɓa da ƙeya.

Wajen zaɓe, a danna soson da yatsa. Mai kyau yana dawowa nan take, marar kyau yana lotsawa ya zauna, cikin 'yan kwanaki ya koma kamar tsumma. A duba ko rigar ta auduga ce kuma tana cirewa, domin da zafin Kumasi da gumi, mai rigar roba-roba tana fito da ƙuraje a wuya tun ranar farko. Maɗaurin ne ke fara lalacewa, zare da gashi suna cika haƙoransa har ya daina kamawa. Wanki da hannu ake yi, ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, a matse a cikin tawul, a shanya a inuwa, kuma kada a ɗaura ta da danshi. Ba a tuƙa mota ko babur da ita a wuya.

To, wanda take ɗan yi wa amfani shi ne babban mutum ko saurayi mai lafiya da ya kwanta ƙalau ya tashi wuya ya riƙe gefe guda. Babu zazzaɓi, bai faɗi ba, bai sha wani sabon magani ba, hannuwa da ƙafafu suna da ƙarfinsu. Sau da yawa matashin kai ne ya yi tudu, ko barci ya kwashe shi a zaune a motar dare daga Tamale, ko ya wuni da kaya a ka a kasuwar Kejetia da gammo marar daidaito. Irin wannan yakan fara saki cikin kwana 1 zuwa 2, ya warke cikin mako guda, wani lokaci ya kai biyu.

Ko a nan ma ɗumi da maganin ciwo da motsi sun fi kwalar aiki. A tsoma tawul a ruwan zafin da hannu zai iya jurewa, a matse, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana. Farasitamol ga babba ƙwaya 2 masu miligiram 500, duk bayan awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Idan bai isa ba, ibufurofen miligiram 400 sau 3 a rana bayan cin abinci, ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da wanda asma ke tasar masa idan ya sha irinsa. Man zafi a shafa shi a hankali, amma kada a shafa sannan a ɗora ruwan zafi ko a rufe da kwala, fata na iya ƙonewa. Tiramadol ba shi da gurbi a nan ko kaɗan. Motsin kuwa ga yadda ake yi: a zauna a saki kafaɗu, a juya fuska dama kamar mai sallame salla, a tsaya daidai inda ciwo ya fara, a ƙirga 5, a dawo, a yi hagu. Sau 5 zuwa 10 kowane gefe, duk bayan awa 1 ko 2. Idan lallai za a sa kwalar, a sa ta awa 2 zuwa 3 lokacin tafiya ko lokacin da ciwon ya yi tsanani, a cire, kuma kada ta wuce kwana 3. Wanda ya bar ta makonni, tsokokin wuyansa za su yi rauni, gaɓoɓin su sandare, ranar da ya cire sai ya ji kansa ya yi masa nauyi ya mayar da ita. Ta haka mutum ke kasa rabuwa da abin da ya saya don kwana biyu.

Abu ɗaya muke roƙon a daina: murɗa wuya da ƙarfi har ya yi ƙara, a wajen aski ne ko a wajen mai ɗori. Jijiyoyi biyu da ke kai jini bayan ƙwaƙwalwa ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya suke bi. Fizga na iya tsaga bangonsu, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. Ba kullum yake faruwa ba, amma yana faruwa, har ga matasa.

Nau'i na biyu shi ne wanda aka fi kuskurewa a zango. Yarinya ko saurayi ya yi amai da zazzaɓi, an ba shi magani, bayan 'yan awoyi ko kwana 1 zuwa 2 sai wuya ya murɗe ko kai ya koma baya, idanu su kafe sama, harshe ya fito ko ya cika baki, muƙamuƙi ya ɗaure, magana ta ƙi fita. Yana cikin hayyacinsa, yana jin duk abin da ake faɗa, tsoro ya cika shi. Wasu a gida su ce iska ce, wasu su ce farfaɗiya. Tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: wane magani ya sha? Akwai magungunan da ke toshe aikin dofamin, sinadarin da ke daidaita motsi a ƙwaƙwalwa. Na gaba-gaba su ne na hana amai, irin su Maxolon da Stemetil, sai na taɓin hankali irin su Haldol da Largactil. Phenergan ma yakan yi, haka nan amodiyakwin da ke cikin ɗaya daga haɗin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a Ghana. Yara da matasa sun fi faɗawa ciki.

Kwala ba ta da aiki a nan. A dakatar da maganin, a ɗauki kwalinsa, a tafi asibiti mafi kusa. Daga Asawase da Aboabo asibitin Manhyia ba nisa. Akwai allurar da ke warware wannan ɗaurin, kuma sau da yawa cikin minti 10 zuwa 30 wuya ya saki, harshe ya koma. Akan bi da ƙwayoyi na kwana 1 zuwa 3, saboda maganin farko bai gama fita daga jiki ba, ɗaurin na iya dawowa da dare. Dalilin gaggawar shi ne tsokokin maƙogwaro ma na iya ɗaurewa, numfashi ya fara ƙara. A yi addu'a a hanya, ba ta hana tafiya. Daga baya a rubuta sunan maganin a ajiye, a riƙa faɗa a duk asibitin da aka je. Wanda kuma ya shekara yana shan maganin taɓin hankali wuyansa ya fara karkacewa sannu a hankali, shi kada ya daina sha da kansa. Ya koma wajen likitansa a sauya masa.

Na uku na jarirai ne, kuma a nan ɓata lokaci ya fi tsada. Bayan suna, kafin arba'in, uwa ko kaka mai wanka ta lura jariri gefe ɗaya yake kallo kullum, nono ɗaya yake so, wani lokacin kuma ta ji ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon dabino a gefen wuyansa. Tsokar nan ce mai kama da igiya ta gajarce, galibi saboda yadda ya takure a ciki ko wahalar haihuwa. Ƙullutun ba ƙurji ba ne, babu mugunya a ciki, kuma yakan baje da kansa cikin 'yan watanni. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a danna shi da tsumman ruwan zafi don a fasa. Kwalar soso kuwa kada ta kusanci wuyan jariri. Tana iya toshe masa numfashi. Akwai wata ta musamman ta lallausan bututun roba da ma'aikatan fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, ke gwada wa yaron da ya kai wajen wata 4, a farke kuma a gaban babba, amma wannan ba kayan kanti ba ce.

Maganinsa miƙa tsokar ne, kuma lokacin farawa shi ne komai. Idan aka fara a watannin farko, sama da 90 cikin 100 suna warkewa ba tiyata. Wanda aka fara wa kafin ya cika wata 1 yakan gama cikin kamar mako 6. Wanda aka jira ya wuce wata 6, aikin na iya cin wata 9 zuwa 10, kuma ba duka ke miƙewa sarai ba. Jira yana kuma baje gefe ɗaya na ƙeya, fuska ta ɗan karkace. Saboda haka kada a ce sai an gama wanka. A nuna wa nas a ranar awo ta mako 6, ko ma kafin nan, a karɓi takarda zuwa sashen fisiyo.

Ga yadda miƙawar take idan tsokar dama ce ta gajarce, amma sai ma'aikacin fisiyo ya duba yaron ya koya wa uwa da hannunsa, domin akwai jariran da ƙasusuwan wuyansu ne aka haifa a haɗe, su ba a ja musu. A kwantar da shi rigingine. Hannu ɗaya ya riƙe kafaɗar dama, ɗayan ya tallafi kai ya karkata kunnen hagu zuwa kafaɗar hagu a hankali, a tsaya daƙiƙa 10 zuwa 15. Sannan a riƙe kafaɗar hagu, a juya haɓa zuwa kafaɗar dama, a sake tsayawa haka. Sau 3 zuwa 5 kowanne, a duk canjin ƙunzugu, kafin ya sha nono ba bayan ya ƙoshi ba. Idan ya turje yana tsala kuka, a saki, a bari ya huce. Tsokar da ake kokawa da ita ba ta miƙuwa. Idan ta hagu ce, a juya komai. Sauran aikin a cikin hidimar yau da kullum yake. Wajen goyo, a juya fuskarsa gefen da ba ya so. A sa shimfiɗarsa yadda haske da motsin mutane za su zo ta wannan gefen. Yana farke a riƙa kifa shi rub-da-ciki 'yan mintoci sau da yawa a rana, ana kallonsa, amma barci rigingine zai yi. A kuma nemi a duba masa ƙugu, domin wasu cikin irin waɗannan jarirai gaɓar ƙugunsu ba ta zauna daidai ba. Idan ya wuce shekara an yi watanni ana miƙawa tsokar na nan a ɗaure, akwai ƙaramar tiyata da ake sassauta ta, a bi da fisiyo.

Akwai kuma inda ɗaura kwala a koma ɗaki ganganci ne. Yaro mai zazzaɓi da karkataccen wuya, yana dalalar da yawu, ya ƙi haɗiya, muryarsa ta canja: ana tsoron mugunya ta taru a bayan maƙogwaro. Yaron da wuyansa ya karkace bayan ciwon maƙogwaro ko bayan tiyata a maƙogwaro ko kunne: ƙashi na farko da na biyu na wuya na iya gocewa, kuma shi ne wanda murɗar mai ɗori za ta iya nakasa. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da ƙeyar da ta ƙi sunkuyawa, musamman ga wanda ya dawo daga arewa lokacin rani: sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Yaro mai amai da safe, ciwon kai, tafiya da tangaɗi, kai a karkace: sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Babban da ke ramewa yana gumin dare wuyansa na ciwo makonni: tarin fuka na cin ƙashin wuya. Duk wanda hannunsa ko ƙafarsa ta mutu, ko fitsari ya ƙwace masa, asibiti yanzu. Wanda kuma ya faɗo daga babur ko keke mai ƙafa uku kansa ya tsaya a karkace, kada a miƙar masa da shi, kada a zaunar da shi. A riƙe kan da hannu biyu yadda aka same shi, a kira 112, a nufi sashen haɗari na Ji. Kwalar soso ba ta kāre karyayyen wuya.

Wani lokacin ma wuyan lafiyarsa ƙalau, ido ne. Idan ɗaya daga tsokokin ido ta yi rauni, yaro kan karkata kai don kada ya ga abu biyu-biyu. Alamarsa, wuyan yana juyawa ko'ina ba tauri, kuma idan aka rufe ido ɗaya kan yakan miƙe. Wannan na likitan ido ne.

Nau'in da ya fi wahalar da manya, wanda kuma aka fi kashe wa kuɗin kwala da man shafawa a banza, shi ne wanda likitoci ke kira distoniyar wuya. Yakan fara ne daga shekara 30 zuwa 50 da 'yan kai, mata sun fi maza. Ba a dare ɗaya yake zuwa ba. Mutum ya fara jin wuyansa na ja, bayan watanni kai ya riƙa juyawa da kansa zuwa gefe, ko ya karkata, ko ya sunkuya, ko ya ɗaga baya, wani da karkarwa kamar mai cewa a'a. Kusan 3 cikin 4 suna fama da ciwo. Tafiya da gajiya da shiga taro suna ƙara shi, barci na kwantar da shi. Akwai wata alama da ke fito da shi fili: mai ciwon ya ɗora ɗan yatsa a haɓa ko kunci, ba tare da turawa ba, ko ya jingina ƙeya da bango, sai kan ya miƙe na ɗan lokaci. Wannan ne ke sa dangi su ce da gangan yake yi. Ba da gangan ba ne. Matsalar a sassan ƙwaƙwalwa masu tsara motsi take, taɓawar kuma tana ɗan sauya saƙon da ke komawa can. Ba taɓin hankali ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma hoton ƙwaƙwalwa galibi lafiya yake fitowa. Wanda abin ya same shi yana ƙasa da shekara 40, akan gwada jininsa a duba idonsa don wata cuta ta gado da ke tara sinadarin jan ƙarfe a jiki, domin ita tana da nata maganin.

Me kwala ke yi a nan? A yi mata adalci: ga wasu, taɓa haɓa da take yi yana aiki kamar yatsan nan, su ɗan samu sararin shiga kasuwa ko zaman biki. Iyakarta ke nan. Tsokar da ƙwaƙwalwa ke ja ta fi soso ƙarfi nesa ba kusa ba. Kan zai ci gaba da juyawa a cikin kwalar, haɓa ta goge har ta yi miki, mai tauri kuwa ta ƙara ciwo domin tsoka na kokawa da ita. Ƙaho da tsaga da tausa mai ƙarfi ba sa kai wa inda matsalar take.

Maganin da ya fi tabbata shi ne allurar botulinum, wadda aka fi sani da sunan Botox, akwai kuma Dysport da Xeomin. Ana yin ta a cikin tsokokin da ke jan kan, ta hana saƙon jijiya isa gare su, su yi laushi. Gwaninta duk a zaɓen tsoka take. Wanda fuskarsa ke juyawa hagu, galibi tsokar igiya ta dama ce da tsokar ƙeya ta hagu ke aikin tare. A soki wadda ba ita ba, kuɗi sun tafi kai bai miƙe ba. Shi ya sa aikin na likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, irin waɗanda ake gani a Ji da asibitin Korle Bu da ke Accra, ba na masu gyaran fuska ba. Ba ta aiki ranar da aka yi ta. Sauƙi kan fara cikin kwana 3 zuwa 14, ya kai ƙololuwa a mako na 4 zuwa 6, ya fara janyewa wajen mako na 12. Ba a maimaita ta kafin mako 12, don kada jiki ya ƙera garkuwar da za ta kashe amfaninta. Ba ta raba mutum da ciwon har abada. Riƙe shi take yi, a dawo duk bayan wata 3 ko 4. Illar da aka fi gani ita ce wahalar haɗiya da raunin wuya na 'yan makonni, musamman idan an soki tsokar igiya ta gefe biyu ko an yi yawa. A koma kunu da abinci mai laushi, idan kuma ruwa na sarƙe mutum a koma asibiti. Awon kowace iri nata ne, 100 na Botox ba 100 na Dysport ba ne, don haka a riƙe takardar da ke nuna iri da adadi da tsokokin da aka soka. Botox da Dysport a firji suke zama, tsakanin digiri 2 da 8; wanda aka ce ya sayo da kansa ya tabbatar sanyin bai yanke ba, ya ɗauko a cikin kula mai ƙanƙara. Allura ce mai tsada, a tambayi kuɗinta da ranar samunta tun kafin a sa rana.

Inda allurar ba ta samu ba, akwai ƙwayoyi, sai dai amfaninsu bai kai nata ba. Artane ake yawan farawa da shi, daga ɗan kaɗan kamar miligiram 1, a riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni. Yana busar da baki, gani ya yi dishi-dishi, bayan gida ya yi tauri, dattijo na iya rikicewa ko fitsari ya tsaya masa. Magungunan sassauta tsoka masu sa barci ba a daina su farat ɗaya. Fisiyo na taimakawa sosai idan aka haɗa da allura, musamman a makonnin da tsoka ta saki: a miƙa masu ja, a ƙarfafa na ɗaya gefen, a koyi riƙe kai a gaban madubi. Ga kaɗan da duk wannan bai yi musu ba, akwai tiyatar dasa siririyar waya a cikin ƙwaƙwalwa, wadda manyan cibiyoyi ke yi.

Ta fuskar kuɗi, inshorar lafiya ta ƙasa tana ɗaukar fisiyo, amma ba ta biyan kayan tallafin ƙashi irin su kwala, daga aljihu ake sayensu. Mai katin inshora ya fara daga ƙaramin asibiti ya karɓi takardar turawa kafin ya nufi Ji, ya kuma duba ta *929# ko katinsa bai mutu ba. Ranar zuwa a tafi da kwalayen duk magungunan da aka sha cikin watannin nan, har da na gargajiya da na amai da aka saya a kemis. A ɗauki bidiyo na minti 1 a waya, mai ciwon yana zaune, yana tafiya, yana taɓa haɓarsa, domin wuyan kan lafa daidai lokacin da aka shiga gaban likita. Idan yaro ne, tsofaffin hotunansa na suna da na salla suna nuna tun yaushe kan ya karkata, kuma zuwa wane gefe. Kwalar ma, idan an riga an saya, a tafi da ita a hannu, ma'aikacin fisiyo ya auna ya ga ko faɗinta ya dace da wuyan.